Tsofaffin Zamfara: Sun Ƙaru, Masu Riƙonsu Sun Ragu

Ranar 1 ga Oktoba ta tara abubuwa uku a Zamfara. Ita ce ranar da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, ita ce ranar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanko jihar daga Sakkwato a 1996, kuma ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi. Biyun farko kowa ya san da su: a yi jawabi, gidajen rediyo su wuni suna maimaitawa. Ta ukun takan zo ta wuce ba a ji ɗuriyarta ba, alhali waɗanda aka keɓe ranar dominsu su ne suka ga 1960 da idonsu, su ne kuma suka yi ta kai gwauro suna kai mari har aka samu jihar.

Wanda ya ce yawan tsofaffi abin damuwa ne a Zamfara, za a dube shi a ce bai san inda yake ba. Ka tsaya bakin titi a Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau lokacin tashi daga makaranta, yara ne ko ta ina. Kusan rabin 'yan Najeriya shekarunsu ba su wuce 18 ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi, ƙasa baki ɗaya kuwa 5.3. Waɗanda suka kai shekara 60 ba su wuce kimanin 5 cikin 100 ba. Ina mu ina Japan, inda kusan mutum 30 cikin 100 suka kai 65, har ana rufe makarantu don babu yaran da za su shiga?

Gaskiya ne. Amma kaso daban, adadi daban. Biyar cikin ɗari na mutum fiye da miliyan 220 ya haura miliyan 11. A Zamfara, ƙidayar 2006 ta samu mutum kimanin miliyan 3.3: ƙaramar hukumar Gusau na da wajen 383,000, Tsafe 266,000, Bungudu 258,000. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Ƙiyasin yau ya ɗora jihar a kan fiye da miliyan 5. Ko da mutum 4 ne kacal cikin 100 suka kai 60, maganar dattawa da gyatumai sama da 200,000 ake yi. Wannan ba ƙaramin gari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama za su tashi daga biliyan 1 a 2020 zuwa biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu ba a Turai za su kasance ba, a ƙasashe irin namu ne.

Me ya kawo ƙaruwar

Dalili na farko abin godiya ne: an rage mutuwa. Ka duba damtsen duk wani mai shekara 60 a Kwatarkwashi ko 'Yandoto, da wuya ka rasa tabon lamba. Wannan tabo shi ne shaidar gangamin rigakafin agana na ƙarshen shekarun 1960, cutar da a da take shiga gari ta kwashi yara da manya, wadda aka shelanta kawar da ita daga duniya a 1980. Rigakafin ƙyanda ya biyo baya, rijiyoyin burtsatse suka yawaita, kurkunun da ke kwantar da manomi damina guda aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013. Lokacin samun 'yanci matsakaicin tsawon rai a ƙasar nan bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 50. Mutane kan yi wa wannan lissafi gurguwar fahimta, su ɗauka cewa da an kai hamsin da 'yan kai sai kabari. A'a. Mutuwar jarirai ce ke jan alƙaluman ƙasa. Wanda ya tsallake ƙuruciya har ya kai 60, galibi akwai sauran shekaru fiye da goma a gabansa, kuma shekarun nan su ne suka fi bukatar magani da mai kula.

Na biyu, yawan haihuwar jiya shi ne yawan tsofaffin gobe. A 1960 'yan Najeriya wajen miliyan 45 ne, kuma tun daga lokacin kowace shekara ana haifar fiye da na bara. Yaran da aka kwasa aka zuba aji ɗaya a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta, za su cika 60 a 2030. Suna nan tafe, kuma sun fi iyayensu yawa. A ɗaya gefen haihuwa ta fara sauka: binciken 2023 zuwa 2024 ya samu 4.8 a ƙasa baki ɗaya. A karkarar Zamfara saukar ba ta taka kara ta karya ba, amma a cikin garin Gusau, tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwa masu biyan haya da kuɗin makaranta, an fara jin ana lissafi.

Dalili na uku kuwa namu ne, kuma shi ne mai ciwo. Gari yana tsufa ba don tsofaffi sun yi yawa ba kaɗai, har ma don samari sun fice. Wasu sun tafi Legas da Abuja da Fatakwal acaba da gadi da dako, wasu suna ramukan haƙar zinari, wasu an kashe su, wasu sun gudu don kada a kashe su. A ƙauyuka da yawa na Tsafe da Bungudu da kudancin Gusau, idan ka shiga masallaci da Azahar, furfura ce ta cika sahu.

Fanshon manomi

Kafin gwamnati ta san wani abu wai shi fansho, Bahaushe yana da nasa, shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya. Kowane ɗa yana da gayaunarsa da yake shiga bayan an tashi daga aikin gandu. Uba shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa aure, shi ke ciyarwa. Idan ƙarfinsa ya ƙare sai ya koma gindin bishiya yana ba da umarni, mabuɗin rumbu yana hannunsa, ba ya roƙon kowa. Tsohuwa kuma tana da ɗakinta, da awakinta, da kaɗin audugarta ko daddawarta, jikoki suna kwana a wurinta. Ba tausayi kaɗai ne ya riƙe wannan tsari ba. Ƙasa tana hannun tsoho, don haka biyayya gare shi addini ce, kuma hanyar abinci ce.

Gandu ya fara ɓallewa tun kafin a ji ƙarar bindiga. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu ko uku, har ta zama ba ta ciyar da gida guda. Taki ya yi tsada. Saurayi ya gane cewa wata uku a kan babur a birni sun fi masa damina guda a gonar uba. Sai kowa ya ware tukunyarsa. Duk da haka akwai abin da ya rage: gona, da 'yan shanu ko tumaki, da ɗan da ke aiko da kuɗi. Waɗannan uku su ne jarin tsufan talaka, kuma su ukun ne rashin tsaro ya bi ɗaya bayan ɗaya.

Shanu aka fara kwashewa. Daga nan gonakin da ke nesa da gari suka gagara shiga, sai waɗanda ke bayan gida, su ma a wurare da dama sai an biya 'yan bindiga kuɗi kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Sai garkuwa da mutane. Idan aka ɗauke ɗa ko suruka ko jika, wa ake kallo? Maigida. Shi zai sayar da gonar da ya yi shekara arba'in yana zuba mata taki, a farashin da mai saye ya ga dama, domin kowa ya san a matse yake. Idan Allah Ya sa an sako wanda aka kama, a yi murna, a yi barka. Bayan mako guda 'yan barka su watse, dattijo ya wayi gari ba gona, ba bisa, ba ƙarfin da zai sake tarawa. Saurayin da ya yi asara yana da shekaru a gaba da zai mayar. Mai shekara saba'in ba shi da su.

Ba a bar kowa ba. A Satumbar 2021 an sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi kimanin wata guda a hannunsu. A Afrilun 2023 an kwashe mutane da dama a Wanzamai ta ƙaramar hukumar Tsafe, mafi yawansu mata da yara da suka fita neman itace. Sunaye irin su Magami da Wanke da Nahuce da 'Yankuzo da Ɗanjibga sun zama sanannu a kafafen labarai ba don abin alheri ba. Amma labarin yakan tsaya ne a kan adadin waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace. Ba a ƙirga tsohon da aka bari a ɗaki don ba ya iya gudu, ko wanda ya ce shi ba inda za shi. Maganar da irinsu ke yi kusan ɗaya ce ko ina: ina zan je da tsufana, a gidan wa zan zauna, gara ajali ya same ni a ɗakina. Wasu na kiran wannan taurin kai. Ni ban gan shi haka ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin ana sallama a ƙofar gidansa ya san abin da ke jiransa a birni: tabarma a zauren wani.

Ko matakan da aka ɗauka don maganin matsalar sun taɓa tsofaffi fiye da kowa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako. An yi hakan da niyyar toshe wa 'yan bindiga hanya, amma tsohuwar da ke jiran ɗanta na Legas ya turo kuɗi ta hannun mai POS, ita ma an toshe ta, kuma akuyar da za ta sayar babu kasuwar kai ta. A farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, takardar naira ta ɓace, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Mutumin da ba ya ganin rubutu, bai taɓa buɗe asusu ba, kuɗinsa a ƙulle suke a bakin zane ko ƙarƙashin katifa, yaya zai yi? Kafin a farfaɗo, aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin tiyar gero da kuɗin mota da na magani suka tashi tare.

Kaka ta koma uwa

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda al'amari ya juye. A ƙa'ida yaro ke ɗaukar tsoho. Yanzu a gidaje da yawa tsoho ke ɗaukar yara. An kashe ɗa, matarsa ta gama takaba ta yi wani aure ko ta koma gidansu, marayu huɗu ko biyar suka faɗo hannun kaka.

Duk mai zirga-zirga a Gusau ya san irin wannan tsohuwa, ko da bai taɓa tsayawa ya tambaye ta daga ina take ba. Tana kwana a kangon da mai shi bai gama ginawa ba a gefen gari, an toshe taga da buhu, murhu duwatsu uku a tsakar ɗaki. Da sassafe ta jera jikoki, babbar ta goya ƙaramin, su nufi bakin masallaci ko ƙofar kasuwa ko inda motoci ke tsayawa. Ka lura da hannunta idan ta miƙa: ba hannun mabaraci ba ne, akwai kantar taɓarya da fartanya. Ba ta iya kirarin bara ba, sau da yawa sai dai ta ce a taimaka saboda Allah, ta kawar da kai. Shekaru kaɗan baya wannan matar ita ke auna wa almajirai tuwo a ƙofar gidanta. Idan ta samu wankau ko surfe ko tsintar wake a wani gida, ta fi son wannan da bara, sai dai baya da gwiwa ba sa ba ta haɗin kai.

Tsufa ya fi yi wa mata nauyi, kuma dalilan a fili suke. Yawancin mata a nan an aurar da su ga mazan da suka girme su da shekara goma ko fiye, don haka su ke yin takaba. Rabon matar mamaci idan akwai 'ya'ya sumuni ne, ɗaya bisa takwas, kuma idan su uku ne ko huɗu wannan ɗayan za su raba. Shari'a ta tsara haka ne bisa cewa ciyar da uwa wajibi ne a kan 'ya'yanta. To idan 'ya'yan sun mutu, ko suna hannun 'yan bindiga, ko su ma neman na bakinsu suke yi fa? Wadda ba ta taɓa haihuwa ba kuwa, tata ta fi ta kowa. Akwai kuma zaluncin da ba mu son ambata: tsohuwar da ƙwaƙwalwarta ta fara rikicewa, tana fita tsakar dare, tana kiran sunayen matattu, tana manta 'ya'yanta, a wasu wurare sai a fara raɗa cewa mayya ce. Wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa da likitoci suka sani, tana kama sarki tana kama talaka. Malamanmu suna da aiki a nan, domin magana ɗaya a kan mumbari ta fi takardar asibiti ɗari tasiri.

Mu ma maza akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna. Mutum ya ƙara aure yana da shekara 55, ya kai 70 yana da 'ya'ya a firamare. Halal ne, babu mai musu. Amma lokacin da ya kamata a ce ana ciyar da shi, shi ne yake neman kuɗin littafi da na allurar jariri, kuma nauyin ƙarshe a kan manyan 'ya'yansa yake sauka, waɗanda su ma da nasu iyalin.

Masu takarda ma ba su tsira ba

Gusau garin ma'aikata ne tun da jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920 kan hanyarsa ta zuwa Ƙauran Namoda. Auduga da gyaɗa suka jawo kamfanonin saye, da injin gurzar auduga, da matsar mai, sannan masaƙar Zamfara wadda ta ɗauki ɗimbin ma'aikata. Samarin da suka yi aikin dare da rana a masaƙar nan, da leburorin reluwe, su ne dattawan da ke zaune a majalisun unguwanni yau. Masana'antun sun durƙushe tun ƙarfinsu bai ƙare ba, suka shiga tsufa ba tare da wani abin dogaro ba.

Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki. Abin da yake sa rai shi ne garatuti, dunƙulallen kuɗin sallama da zai gyara gida ko ya ja jari, sannan fansho duk wata. Gwamnatin Dauda Lawal da ta hau a 2023 ta bayyana cewa ta tarar da bashin garatuti na fiye da naira biliyan 13, wanda ya taru tun daga 2011, kuma ta shiga biya kashi-kashi. Biyan abin yabo ne. Amma a tsaya a dubi abin da wannan lissafi ke nufi. Malamin da ya ajiye alli a 2011 yana da shekara 60 ya haura 70 kafin haƙƙinsa ya zo, idan yana raye. Da yawa magada ne suka karɓa. Kuɗin da a 2011 za su sayi fili a gina, sun zo a lokacin da ba za su yi rufin ɗaki biyu ba. Ba a biya kowa wannan asara ba.

A tsakiyar waɗannan shekaru na jira ne, a 2019, wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito fili, yana neman a biya shi alawus ɗinsa na naira miliyan 10 a wata, bisa wata dokar jiha da ta tanadar wa tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da shugabannin majalisa kuɗin kula da kai. A watan Nuwamba na shekarar Majalisar Dokokin Jiha ta soke dokar, Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu. An nuna ke nan cewa jihar ta san yadda ake tanadar wa mutum tsufansa idan ta ga dama.

Sai wahalar tantancewa. Babu mai ja da cewa dole a tace sunayen bogi. Amma ka dubi layin: dattijo ya baro Tsafe ko Bungudu da asuba, a kan hanyar da kowa ke addu'a kafin ya hau, riƙe da tsohuwar jaka mai ɗauke da takardar ɗaukar aiki da ta fara yagewa a kan ninki. Ya yi awoyi a rana ga ciwon suga. Idan layi ya zo kansa, na'ura ta ƙi karɓar yatsansa, domin shekaru da aiki sun shafe zanen. A ce ya goga a goshi, ya goga, ta ƙi. A ce ya dawo gobe. Kuɗin motar goben nan a cikin fanshon da bai karɓa ba zai fito. Wanda ke kwance da shanyewar ɓarin jiki kuwa sai an ɗauko shi a Keke Napep don a tabbatar yana numfashi. Me zai hana ma'aikaci ya je ya same shi a gida?

Duk wannan ma maganar 'yan tsiraru ce. Mafi yawan tsofaffin Zamfara manoma ne, da makiyaya, da 'yan tireda, da mata masu sana'ar cikin gida, waɗanda ba su taɓa karɓar albashi ba. Dokar fansho ta 2004 da wadda ta maye gurbinta a 2014 an tsara su ne musamman domin masu albashi. Shirin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a 2019 yana bukatar mutum ya riƙa ajiye wani abu, a jihar da binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya samu fiye da kashi uku cikin huɗu na jama'arta cikin talauci ta fuskoki da yawa.

Ciwon da ba ya warkewa

Asibitocinmu an tsara su ne don zazzaɓi da haihuwa da rigakafin yara, kuma da dalili. Ciwon tsufa kuwa wani iri ne: hawan jini, ciwon suga, sanyin ƙashi, yanar ido, matsalar fitsari ga maza. Yawancinsu ba a warkewa, sai dai a yi ta shan magani har ƙarshen rai. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci suke fita, abin da ke faruwa sananne ne: a sayi maganin hawan jini na mako guda a kemis, jiri ya lafa, a daina. Wata rana a faɗi a banɗaki ko a sahun sallah. Daga nan sai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, inda kuɗin kwana uku zai fi na maganin shekara. Idan an sallamo shi, jinyar shekaru ta faɗa kan mace ɗaya, mata ko 'ya ko suruka, ita ce juyawa, ita ce wanki, ita ce ba da abinci a baki, babu wanda ya koya mata, babu mai karɓarta ta huta. Yanar ido kuwa aikin da bai kai awa guda ba ne ke buɗe ido, amma sai ka ga dattijo ya shekara biyar jika na jan sandarsa, shi ya rasa gani, yaron ya rasa makaranta.

A takarda an yi tanadi. Akwai dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni, tsofaffi na ciki. Zamfara tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, ZAMCHEMA. Tana kuma da abin da jihohi da yawa ba su da shi da wuri: Hukumar Zakka da Waƙafi, wadda ta samo asali daga ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999. Tambayar ita ce nawa daga cikin wannan ke isa Keta ko Bingi, ga mutumin da ba shi da lambar NIN, ba shi da waya, bai ma san ranar haihuwarsa ba.

Wannan na ƙarshe ba hujja ba ce ta barin su. Tsoho bai san shekararsa ba, amma ya san ko ya yi wayo lokacin da aka kashe Sardauna a 1966, ya san ko ya yi aure kafin a koma tuƙi ta hannun dama a 1972 ko kafin fam ya koma naira a 1973. Mai unguwa da limami sun san kowa. Masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi za su iya fitar da sunan duk wanda ya kai 70 a ƙasarsu, har da waɗanda suka yi hijira, cikin 'yan makonni, idan an ba su aikin kuma an sa ido kada siyasa ta shiga.

Gidan gajiyayyu ba shi ne mafita a wurinmu ba. Ba mai son a ce ya kai uwarsa can, kuma Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya haɗa kyautata wa iyaye da bautar Allah, ya ambaci lokacin tsufansu musamman. Sai dai wa'azi kaɗai ba ya sayen magani. Ɗan da ke son ya riƙe uwarsa amma ba shi da abin riƙon, taimako yake bukata, ba gori ba. Abin da ya yi aiki a wasu wurare shi ne ɗan kuɗi kaɗan, duk wata, ba fashi, a hannun tsohon kansa. Lesotho, ƙasar da ba ta da man fetur, ta fara biyan duk wanda ya kai 70 tun 2004. Zanzibar, tsibirin Musulmi, ta fara a 2016, Kenya ta bi a 2018. A nan gida Jihar Ekiti ta gwada biyan naira 5,000 a wata daga 2011. A ƙaddara masu shekara 70 a Zamfara sun kai 100,000, a ba kowa naira 10,000 a wata: naira biliyan 12 ke nan a shekara, abin da bai kai kashi 3 cikin 100 na kasafin jihar na 2024 ba, wanda ya haura biliyan 400. Kuɗin ba za su wadatar ba, amma za su sayi maganin hawan jini da 'yan tiyoyin hatsi, kuma a gidan da kaka ke riƙon marayu, cikin marayun za su shiga.

Kiranmu ga 'yan majalisar dokokin jiha su 24 ne, musamman masu wakiltar Gusau da Tsafe da Bungudu. Ku kawo dokar da za ta wajabta rajistar tsofaffi ta hannun masarautu, ta sa duk mai shekara 70 cikin inshorar lafiya kyauta, ta ware masa kuɗin wata, ta kuma haramta a riƙe garatutin ma'aikaci fiye da shekara guda. Ku sa ta cikin kasafin baɗi. Waɗanda ake magana a kansu ba su da shekaru goma sha uku na jira irin wanda masu garatuti suka yi.